An naɗa ni odita kuma mai kula da haɗuran kamfani: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni akanta ne, shekarata takwas ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa da dillancin taki a nan Sakkwato. Kamfanin na iyali ɗaya ne, sai dai akwai mutum biyu daga waje da suka zuba jari kuma suna cikin daraktoci. Watan jiya aka naɗa ni shugaban sashen binciken cikin gida, aka kuma ce ni zan riƙa kula da haɗuran kamfani, domin bankin da ke ba mu rance ya nemi a samu mai wannan aiki. Manajan darakta, wanda shi ne babban ɗan mai kamfanin, ya ce duk rahoton da na rubuta ya fara bi ta teburinsa kafin daraktoci su gani. Abokan aikina kuma sun fara ja da baya da ni kamar ɗan sanda. Ta ina zan fara, kuma yaya zan riƙe wannan shugabanci ba tare da na ɓata da mutane ko na ci amana ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya taya ka riƙo, ƙanena, domin kujerar da aka ɗora ka a kai na zauna a irinta shekaru masu yawa, kuma na san nauyinta. Idan na fahimce ka, abu uku ne suka haɗe maka wuri guda: an ba ka aiki biyu da ba a so su taru a hannu ɗaya, an gindaya maka sharaɗi a kan hanyar da rahotonka zai bi, sannan zumuncin da ke tsakaninka da abokan aiki ya fara sanyi. Na ukun shi ya fi damunka a yanzu, na gane haka daga yadda ka rufe tambayar, amma na biyun shi ne wanda zai yanke ko aikinka zai yi amfani ko kuwa zai zama takarda ce kawai da ake nuna wa banki. Saboda haka a kansa zan fi tsayawa.

Aiki biyu ne, ba ɗaya ba

Ƙungiyar masu binciken cikin gida ta duniya, IIA, wadda aka kafa a Amurka a 1941, tana da wani tsari da ta sabunta a 2020 wanda ya kasa aikin kamfani sahu uku. Sahun farko su ne masu gudanar da harkar da kansu: mai sayo shanshera, mai kula da sito, manajan injin, mai sayarwa, kashiya. Su ke da haɗarin, domin a hannunsu yake aukuwa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sahu na biyu shi ne mai kula da haɗura, wanda ke taimaka musu su gane abin da zai iya lalata harkar, su auna shi, su tanadi abin da za su yi. Sahu na uku shi ne odita, wanda ke tsayawa gefe ya duba ko abin da sahu biyun farko suka ce suna yi da gaske suna yin sa, sannan ya faɗa wa daraktoci. A saman su duka akwai hukumar daraktoci.

Kai an ba ka sahu na biyu da na uku a tare. A kamfani matsakaici irin naku wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ƙa'idojin sana'ar ba su haramta shi ba, amma sun ce a sa shinge. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya tsara iyakar bashin da za a ba dila, ba zai iya dawowa bayan wata shida ya ce wa daraktoci iyakar nan ba ta da kyau ba, ko da kuwa ba ta da kyau ɗin. Shingen da nake ba da shawara shi ne kada ka yarda a rubuta sunanka a matsayin mai kowane haɗari. Kai ka tara mutane, ka riƙe littafin da ake rubuta haɗuran, ka yi tambaya, ka tunatar; amma kowane layi a littafin ya ɗauki sunan manajan da abin ke hannunsa, kuma daraktoci ne za su amince da iyakokin. Ɓangaren aikinka na kula da haɗura kuma, a ɗauko wani daga waje ya riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci, domin ido ba ya ganin kansa.

Akwai wani abu da ya shafe ka kai tsaye wanda ba ka ambata ba. Jiya-jiya kai ne akantan kamfanin. Ƙa'idar sana'a ita ce mutum ba ya binciken aikin da ke hannunsa a cikin wata goma sha biyu da suka wuce. Don haka littattafan da ka riƙe bara ba kai za ka duba su ba. Ka faɗa wa daraktoci haka da bakinka tun kafin wani ya tambaya, a ba wani ma'aikacinka ko oditan waje. Wannan magana kaɗai za ta ɗaga darajarka a idon daraktocin nan biyu.

Ƙofar da rahoto ke bi

Kundin ƙa'idojin shugabancin kamfanoni na Najeriya na 2018, wanda FRC, hukumar da ke sa ido a kan rahoton kuɗi na kamfanoni, ta fitar, ya tanadi cewa shugaban binciken cikin gida ya riƙa kai rahotonsa kai tsaye ga kwamitin daraktoci mai kula da binciken kuɗi, alhali yana da hulɗa da manajan darakta a harkokin yau da kullum. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 kuma, a sashe na 404, ta wajabta wa kamfanin da ke sayar da hannun jari ga jama'a ya kafa kwamitin binciken kuɗi mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa cikin gudanarwa. Kamfaninku na iyali ne, don haka wannan sashe bai hau kansa ba, amma hikimar da ta sa aka yi dokar ta shafe ku kamar yadda ta shafi kowa.

Abin da ya faru a kamfanin sadarwa na WorldCom a Amurka a 2002 ya isa misali. Shugabar binciken cikin gida, Cynthia Cooper, ta gano cewa ana ɗaukar kuɗin da aka kashe wajen gudanar da harka ana rubuta su a matsayin jari, domin riba ta kumbura a takarda. Babban jami'in kuɗi na kamfanin, wanda ke samanta, ya nemi ta jinkirta binciken. Ba ta jinkirta ba, ta kai maganar ga shugaban kwamitin binciken kuɗi, aka tono almundahanar dala biliyan 3.8 a tashin farko. Abin lura shi ne akwai ƙofa ta biyu da za ta iya ƙwanƙwasawa; da hanyarta ɗaya ce tak, ta teburin wanda ake bincika, da maganar ta mutu a nan.

Misalin bankin Barings na Ingila ya fi ba ni tsoro, domin a can oditocin sun yi aikinsu. A 1994 sun je reshen bankin na Singafo, suka rubuta cewa mutum ɗaya, Nick Leeson, shi ke yin ciniki kuma shi ke kula da ofishin da ke rubuta cinikin, suka ba da shawara a raba ayyukan. Ba a raba ba. A Fabrairun 1995 bankin da aka kafa tun 1762 ya durƙushe da asarar fam miliyan 827, aka sayar da shi a kan fam ɗaya. Rahoto ya isa, an karanta, amma babu wanda ya tashi ya bi sawu. Daga nan na ɗauki al'adar da har yau ban bari ba: a kowane zaman daraktoci, shafin farko na rahotona ba sabon bincike ba ne, jerin tsofaffin shawarwarin da aka yi alkawarin aiwatarwa ne, da sunan wanda ya yi alkawarin, da ranar da ya ɗiba, da kwanakin da suka wuce a kanta.

To, buƙatar manajan darakta ba duka ce marar kyau ba, kuma ina so ka yi masa adalci. Ya ga rahoto kafin daraktoci su gani haƙƙinsa ne, domin shi za a tambaya, kuma wataƙila yana da bayanin da zai gyara maka kuskure. Ni kaina an sha nuna mini takardar da ban gani ba, na janye magana. Abin da ba ya halatta shi ne ya goge wani abu, ko ya riƙe rahoton har zama ya wuce. Tsarin da ya yi mini aiki shi ne a ba shi kwana bakwai ko goma ya rubuta amsarsa a ƙarƙashin kowace magana, a haɗa maganata da tasa a takarda ɗaya, sannan ni da hannuna in aika wa shugaban kwamiti. Ya ce bai yarda ba, a rubuta bai yarda ba, daraktoci su yi hukunci.

Wannan tsari sai an rubuta shi, an sa hannu, tun yanzu da babu rigima, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Takarda ce ta shafi biyu ko uku da ke bayyana aikin sashenka: wa kake kai wa rahoto, cewa kana da ikon ganin kowane littafi da shiga kowane sito ba tare da sanarwa ba, cewa naɗa ka da sauke ka da batun albashinka suna buƙatar amincewar daraktoci, da cewa za ka riƙa ganawa da shugaban kwamiti ku kaɗai ko da sau ɗaya ne a wata uku. Idan babu kwamiti, a naɗa ɗaya daga cikin daraktocin waje ya riƙe wannan matsayi. Yadda za ka nemi takardar kuwa yana da muhimmanci kamar abin da ke cikinta. A garinmu ba a tsallake babban ɗa a je wa uba da ƙara, kuma wanda ya yi haka ko ya yi nasara ya bar baya da ƙura. Ka fara da shi manajan daraktan, ka nuna masa cewa bankin da ya nemi a naɗa ka zai tambayi wannan takarda ko ba jima ko ba daɗe, kuma rahoton da aka san ba ya iya taɓawa shi ne wanda zai wanke shi ranar da wani ɗan'uwa ya tashi da zargi a kan dukiyar gida. Wannan hujja ta biyun ita ce na ga ta fi shiga zuciyar 'ya'yan masu kamfani, domin sun san abin da rabon gado ke haifarwa. Idan ya amince, ku je wurin Alhaji mai kamfanin tare.

Abin da na gani a wani sito

Shekarun baya na je ƙidayar kaya a siton wani kamfani da na yi wa aiki, ana gab da faɗuwar damina, zafin Afrilu ya sa rufin kwanon yana ƙara. An jera buhunan taki sun kai kusan rufi, layi-layi gwanin kyau, kuma da aka lissafa tsawo da faɗi da tsayi, adadin ya yi daidai da na littafi. Na sa aka kawo tsani na hau saman tarin, na tafi da rarrafe zuwa tsakiya, sai na iske rami: an ɗaure buhunan gefe kamar katanga, cikin kuwa wayam, har ina hango dandamalin katako a ƙasa. Mai kula da siton dattijo ne, ya daɗe a gidan. Da na sauko bai yi musu ba, ya buɗe aljihun rigarsa ya fito da wani ƙaramin littafi da ya sha maiƙo, ya ce, "Yallaɓai, ƙanen Alhaji na yac ce in ba su, ta waya. Ga su nan duk na rubuta." Kowace mota da ta fita yana da lambarta da rana da sunan dilan da ya karɓa.

Dattijon nan bai saci ko buhu ɗaya ba. Umarni ne ya zo daga wanda ba zai iya ce wa a'a ba, ba tare da takardar fitar da kaya ba, shi kuma ya rufe ramin don kunya da tsoro. Da na rubuta cewa mai sito ya yi almundahana, da an kore shi an kawo wani, wayar kuma ta ci gaba da shigowa. Abin da na rubuta shi ne cewa kaya na fita a kan umarnin baki, kuma ƙofar kamfani ba ta neman takarda idan an ambaci sunan ɗan gida. Na zauna da mai kamfanin mu biyu kafin zaman daraktoci, na gaya masa maganar za ta shiga rahoto, na kuma gaya masa yadda zan rubuta ta. Ransa bai so ba, amma ya amince da doka guda: ko shi da kansa ya yi waya, mota ba ta fita sai da takarda mai lamba da sa hannun mutum biyu. An karɓo wani ɓangare na kuɗin daga dilolin, wani ɓangaren bai dawo ba. Tun daga ranar, duk abin da na gano, tambayar da nake fara yi ita ce wace kafa ce ta bari abin ya faru, kafin in tambayi wane ne ya yi.

Haɗuran da ke gabanku

Kada ka kwafo littafin haɗura na wani banki a Legas mai layi ɗari biyu. Tsare-tsaren duniya na kula da haɗura irin su ISO 31000 da COSO suna da amfani wajen koyon hanya, amma abin da za a zuba ciki daga ƙasarku zai fito. Ka tara manajoji ka tambaye su abin da ya taɓa hana su barci, za ka ga sun lissafa da kansu. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yanke farashinta, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024, kuma duk mai sayen kayan gyaran injin daga waje ko taki ya ji a jikinsa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, har da ta Illela, kuma gwamnatin Najeriya ba ta ba da umarnin buɗewa ba sai a Maris 2024. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da shinkafa, na kwana 150, wanda magana ce babba ga duk wanda ya cika sito da shanshera mai tsada da kuɗin banki. Ga gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021, ga ambaliyar 2010 da ta biyo ta Goronyo ta cinye gonaki har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga matsalar tsaro a yankin Isa da Sabon Birni da Rabah wadda ke shafar manoman da kuke saye a hannunsu da direbobin da ke ɗauko muku kaya.

Goma ko goma sha biyu sun isa. Inda shugabanci ke shigowa shi ne ka sa daraktoci su mayar da kowanne lamba. Bashin nawa ne iyakar abin da za a bar wa dila ɗaya, kuma kwana nawa? Kashi nawa na jarin kamfani za a yarda ya kwanta a sito guda? Inshorar gobara ta rufe darajar kayan ta yau ko ta shekara uku da suka wuce? Tsabar kuɗi nawa mai sayo shanshera zai ɗauka zuwa kasuwar ƙauye? Za ka gamu da mai cewa komai na Allah ne. Gaskiya ne, kuma ba a musun sa. Sai dai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ban taɓa ganin daraktan da ya ja da wannan ba.

Kai da abokan aikinka

Sanyin da kake gani zai ragu idan suka fahimci cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka sanar da su jadawalin bincikenka na shekara, ban da ƙidayar ba-zata ta kuɗi da kaya. Kada wani ya fara jin laifinsa a gaban daraktoci. Ka gaya masa a ofishinsa, ka saurare shi, kuma idan sashensa ya yi abin kirki ka rubuta shi a rahoto da sunan sashen. Amma kada ka sa ran komai zai koma yadda yake da, domin akwai hirar da ba za a ƙara yi a gabanka ba, kuma hakan ba laifi ba ne.

Abin da zan ja kunnenka a kai da ƙarfi shi ne kyauta. Buhun shinkafa da azumi, rago da salla, shadda daga dila, duk za su zo da sunan zumunci. Ka tuna hadisin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Bukhari da Muslim: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ka mayar da ta farko cikin ladabi da godiya, labari zai zaga, ta biyu ba za ta zo ba.

Iyakar abin da zan iya faɗa

Ban ga takardun kafa kamfaninku ko yarjejeniyar da ke tsakanin iyalin da masu jarin waje ba, kuma su ne ke nuna ikon daraktocin nan biyu, don haka ka zauna da lauyan kamfani ya karanta maka su. Shawarata kuma ta kamfanin kasuwanci ce irin naku. Bankuna da kamfanonin inshora suna da ƙarin dokoki daga hukumomin da ke sa musu ido. Sannan ka gaya wa daraktoci tun farko cewa bincike ba ya ba da tabbacin cewa ba za a yi asara ba: idan mutum uku suka haɗa baki, ko mai kamfani da kansa ya tsallake dokar da ya kafa, takardu za su iya fitowa tsaf alhali kaya sun tafi.

Idan kuwa manajan darakta ya ƙi takardar, ya kuma nace sai ya cire magana daga rahotonka, kada ka yi faɗa kuma kada ka sa hannu a kan abin da aka yanke. Ka rubuta masa wasiƙa gajera mai ladabi cewa rahoton da ya rage ba naka ba ne, ka ajiye kwafi, ka sanar da ɗaya daga cikin daraktocin waje cewa an taƙaita aikinka, ba tare da ka fitar da sirrin kamfani ga kowa a waje ba. Idan kai ɗan ƙungiyar akantoci ne, ICAN ko ANAN, ka nemi shawarar wani babba a reshenku na Sakkwato kafin ka ɗauki mataki na gaba. Idan an yi haka sau biyu daraktoci ba su motsa ba, ka roƙi a mayar da kai aikin akanta ko ka fara neman wani wuri, domin sunanka ne ke kan rahoton da banki zai dogara da shi ya ba da rance, kuma kai za a kira ranar da aka buɗe siton.